Mayen Ƙarfe Ba Ya Son Wuta

Mahaifina mai walda ne a Fagge, ni ma sana'ar da na buɗe ido na tarar ke nan. Mu biyu muka koyi aiki a hannunsa lokaci guda: ni ɗansa na cikinsa, da wani ɗan ƙabilar Ibo haifaffen Sabon Gari, wanda mahaifiyarsa ta kawo shi rumfarmu ta damƙa wa Baba. Sa'annin juna ne mu, kwano ɗaya muke ci, kuma Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka yanke masa cibiya. Ban ƙi shi ba a lokacin. Abin da na ƙi shi ne wata magana da Baba yake yawan yi in baƙi sun zauna a kan bencinsa. Sai ya nuna ni ya ce, "Wannan hannu gare shi." Ya nuna shi ya ce, "Wancan kuma ido gare shi." Mutane su gyaɗa kai, su ɗauka an raba mana yabo daidai. Ni kuwa na san Baba, na san wanne ya fi daraja a wurinsa.

Da aka yaye mu, mutumin ya koma Sabon Gari ya buɗe shagonsa, ni na zauna a rumfar gida. Walda tana cin ido, ta kuwa ci na Baba. Da ganinsa ya yi rauni sai ya ajiye aiki, ya koma zaman benci a bakin rumfa, yana jin abin da nake yi da kunne. Kafin ya ajiye ɗin sai da ya kama hannuna ya kai ni Kantin Kwari wurin wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda, amininsa tun Alhajin yana kasa kaya a tebur a bakin layi. Duk wata ƙofa, duk wata kanta, duk wani ƙarfen taga da ke shagunansa da gidansa daga rumfarmu suka fito. Baba ya ce masa, "Alhaji, ga shi nan, daga yau shi ne ni." Alhaji ya ce, "Ai shi ke nan, Malam."

Aikin Alhaji shi ne mutuncina. Ba don yawansa ba, akwai watannin da ko ƙusa bai sa na buga masa ba. Amma in na ratsa Kwari ana cewa ga mai waldan Alhaji nan, sai a ba ni kujera, a miƙo ruwa, wani ya ce in zo in duba masa ƙofa. Duk abin da na rasa na bakin Baba, a nan nake ramawa. Mutumin Sabon Gari ya je da idonsa, ni aka bar wa Alhaji.

Shekaru suka tafi a haka. Ina jin labarinsa sama-sama, wai ya haɗa walda da aikin katako da na alminiyam, wai yana yi wa masu otal da masu kantin magani aiki. In an faɗa mini sai in ce ai mai taɓa kowane aiki ba ya gwanintar ko ɗaya. Ina faɗa ina dariyar yaƙe. Duk sallah sai ya zo gaida Baba da ledar lemo da ayaba, ya durƙusa har ƙasa, ni kuma in sami wani ƙarfe da ke bukatar yanka a daidai lokacin, in kunna inji.

Ranar da abin ya iso ƙofata, Alhaji ne ya aiko a kira ni. Na same shi ba a shagonsa ba, a na maƙwabcinsa, yana tsaye ya harɗe hannu a baya yana kallon bango. An lulluɓe bangon da farantin ƙarfe mai farin fenti, sumul, babu ƙusa babu maratayi. A jikinsa alluna ne na katako, kowanne an naɗe shi da atamfa ko leshi, suna manne kamar an zana su. Mai shagon ya kama ɗaya ya fizgo, ya matsar da shi ƙasa, ya sake shi. Allon ya ce ƙas, ya kama bango. Ya ce in sabon kaya ya zo, kafin mai shayi ya haɗa maka kofi ɗaya ya sake wa bangon nan fasali gaba ɗaya.

Na karɓi allo ɗaya na juya bayansa. Wasu abubuwa ne guda huɗu a kusurwoyi, zagayayyu, faɗinsu bai fi murfin kwalbar zuma ba. Kowanne ɗan ƙoƙon ƙarfe ne, an cusa mayen ƙarfe a cikinsa, da rami a tsakiya inda sukuru ya shige ya kama katako, kansa ya nutse ya yi daidai da fuskar abin. Aikin ya yi tsaf, ko tsinke ba za ka sa ba. Ban tambayi wanda ya yi ba. Na gane hannun tun daga yadda aka goge bakin farantin, don a benci ɗaya aka koya mana.

Alhaji ya ce ya kama sabon shago a bene, kuma irin wannan yake so. Sannan ya dube ni ya ce, "Za ka iya, ko in kira ɗan'uwan naka?"

Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Haba Alhaji, wannan ai wasan yara ne." Ya ce to, nan da mako biyu yake son zuba kaya.

Da na koma na kwashe labari na faɗa wa Baba, ina yi ina rage wa abin daraja. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ka taɓa aiki da shi?" Na ce mayen ƙarfe ne fa, Baba, irin na cikin tsohuwar rediyo da muke tsintar ƙusa da shi. Ya ce, "Ka je Sabon Gari ka tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata." Na ce to. Wannan to ɗin tun a bakin rumfa na zubar da ita.

Kamar da gangan, washegari muka haɗu da mutumin a wajen masu sayar da ƙarfe. Ya riga ya ji, don a Kwari magana ba ta kwana. Ya miƙo hannu da fara'arsa ya ce, "Ɗan'uwa, na ji Alhaji ya ba ka aikin allo. Ka biyo ta shago, akwai abu ɗaya da zan nuna maka, ni ma sai da ya ba ni wuya kafin na gane." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Da ya yi mini yanga da na sami abin riƙewa. Na ce, "A rumfar ubana ka koyi riƙe ƙarfe." Ya ce, "Haka ne kuwa." Ya ɗaura bututunsa a kan a-daidaita-sahu ya tafi.

Na shiga Kasuwar Sabon Gari neman abin, ina bi layi-layi don kada in tambayi wanda zai kai masa labari. A ƙarshe na same shi a wurin wata Bayarabiya mai sayar da makullai da hannun ƙofa, wadda kowa ke ce wa Alhaja. Ta ce sunansa niyodimiyam, kuma ba irin baƙin nan na rediyo ba ne. Ta ɗauko biyu da suka manne ta ce in raba. Na ja, na ƙara ja, ni da nake lanƙwasa rodi da hannu, suka ƙi. Ta karɓa ta murza su gefe, suka rabu. Ta ce abin da ke ciki ƙarfi gare shi amma ba shi da ƙwari, in ya faɗi tsirara fashewa yake kamar tangaran, shi ya sa aka sa shi a ƙoƙon ƙarfe, kuma ƙoƙon ne ke tattara ƙarfin ya fito ta fuska ɗaya. Ina cikin jujjuya su suka haɗe da fatar yatsana a tsakani, nan take jini ya kwanta. Alhaja ta yi dariya ta ce haka yake gaida kowa.

Ta ƙirga mini, ta ɗauko wata 'yar leda cike da sukuru ta ɗora a kai. Na ture ledar na ce ni ba kafinta ba ne. Ta ce, "Oga, shi wannan da sukuru ake ɗaura shi. Kada ka…" Na ce, "Alhaja, ki sayar da kayanki, ki bar mini aikina." Ta ɗaga kafaɗa ta mayar da ledar ƙarƙashin tebur.

Wanda ba mai walda ba ba zai gane abin da ke kaina ba a ranar. A wurinmu sukuru abin wucin gadi ne. Yau ka ɗaure, gobe ya kwance, jibi ya yi tsatsa ya karye a rami. In ka ga mai walda ya ɗaura abu da sukuru, to ko dai babu wuta ko kuma bai yarda da hannunsa ba. Abin da aka yi wa walda kuwa ya zama jiki ɗaya, sai dai a yanka. Da wannan tunanin aka raine ni, kuma a kan ƙofa da taga gaskiya ne. Sai na ɗora masa hassada a kai. Na ce shi ya yi da katako, ni zan yi da ƙarfe zalla, allon da gara ba za ta ci ba, wanda jikokin Alhaji za su gada. Ina so Alhaji ya ɗauki nawa ya ɗauki na maƙwabcinsa ya ji bambanci a hannunsa. Har na tsara yadda labarin zai kai Sabon Gari.

Bangon bai ba ni wuya ba, kwana uku na gama shi, kuma har gobe ina cewa ya fi na maƙwabcin kyau. Na dawo rumfa na yanka alluna na ƙarfe mara kauri, na naɗe bakinsu. Sannan na ɗauko mayen ƙarfen na farko, na kifa shi a kusurwa, na ja gilashin kare ido na sauke sandar walda.

Wutar ta ƙi tsayawa. Na saita ta nan, ta karkace can, tana tsalle tana tofi, kamar ana hura ta daga gefe. Ban taɓa ganin haka ba. Daga benci Baba ya ce, "Wutar nan taka ba ta da lafiya." Na ce injin ne, wutar gari ce ta yi ƙasa. Na danne, na ƙara wuta, na ɗiga walda ta farko, na ɗiga ta biyu. Kafin ta uku sai ta kwanta luf, tana tafiya yadda nake so. Na yi murmushi a bayan gilashi, na ce ai ƙarfe ya san ubangidansa. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi gardama da farko sannan ya yi laushi, ni kuma ina jin daɗi. Ashe mayen ne ke jan wutar, kuma lokacin da ta daina karkacewa lokacin ne zafi ya gama da shi.

Ba zan ce ban ga alama ba. Da suka huce na manna allo ɗaya a ƙofar rumfa, ya tsaya. Amma bai ce ƙas ba, ya dai jingina ne kamar mai jin barci, kuma da yatsa biyu na cire shi. Na tuna yadda na yi fama a gaban Alhaja. Zuciyata ta ce a tsaya a duba. Sai wata zuciyar ta ce ai haka ma ya fi, masu jiran shago ba za su sha wuyar cirewa ba. Kuma in na tsaya dubawa wa zan tambaya? Na fesa musu fenti na jera su a rana.

Ranar zuba kaya da hantsi aka yi addu'a a sabon shagon, aka raba dabino da goro. Maƙwabta sun hau benen, har da mai shagon da na ga alluna a wurinsa. Allunana suna jere a bango, farare tas, babu kaya a kansu, kowa yana sa albarka. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." A wannan minti ɗin da za a tsaga ƙirjina da an ga mutumin Sabon Gari a ciki, ina nuna masa bangon.

Aka fara ciro alluna ana naɗa musu kaya ana mayarwa. Na atamfa suka tsaya. Aka zo kan shadda mai nauyi da leshi mai duwatsu. Allon farko da aka ɗora wa shadda ya ɗan yi jim, sannan ya fara sauka. Bai faɗo ba, da ma faɗowa ya yi a wuce wurin. Zamewa ya riƙa yi a hankali, yana kuka ƙiii, yana kankare farin fentin da na fesa, har ya sauka a kan na ƙasa da shi, shi ma ya bi. Na ruga na tare da hannu, na gefe ya taso. Ina riƙe da biyu, na uku ya zame ta bayana, kusurwarsa ta kama wani leshi ruwan zuma ta tsarge shi tun daga sama har ƙasa. Wani ya yi tari don ya danne dariya.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki leshin ya duba tsagar, ya ninke shi ya ajiye gefe. Ya ce, "Allah ya kyauta. A sauke sauran kada su ji wa wani." Sannan ya ce a kawo mini ruwa in sha, na yi gumi. Na sha zagi a wurin masu ba da aiki, ban taɓa jin wanda ya yi mini ciwon ruwan nan ba.

Na kwaso allunan a kura na dawo Fagge. Baba ya ji saukarsu, ya ce in miƙo masa ɗaya. Ya shafa bayansa da yatsu har ya kai kan mayen ƙarfen, ya bi dunƙulen waldar da na yi, ya sa ɗan yatsa a ramin tsakiya. Ya lalubo ƙusa a aljihu ya ɗora, ƙusar ta ɗan maƙale ta faɗi. Ya ce, "Ka dafa shi." Na ce kayan ne jabu, Alhaja ta cuce ni. Ya ce, "Ni ban san abin nan ba, ban taɓa riƙe shi ba sai yau. Amma wanda ya ƙera shi bai huda masa rami don ado ba." Ya miƙo mini allon.

Kwana biyu ina jiran Alhaji ya aiko. Na shirya abin da zan ce, na shirya komawa wurin Alhaja in karɓi ledar da na ture, in yi da katako in hakan ake so. A raina aikin yana nan nawa, don tsakanin Alhaji da Baba ba abin da leshi ɗaya zai raba ba ne.

A rana ta uku bayan la'asar ina can cikin rumfa ina yanke matattun mayen ƙarfen daga jikin alluna, sai na ji sallamar mutumin Sabon Gari. Na kashe inji, amma ban fito ba. Ta tsakanin ƙofofin da ke jingine ina hango shi, ya durƙusa a gaban benci ya cire hula. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, Alhaji ya kira ni a kan aikin shagon bene. Na ce masa ba zan taɓa ba sai na zo na ji daga bakinka. Aikin gidan nan ne. In ka ce in bari, na bari, in zo in taya ɗan'uwana mu gyara a matsayin nasa."

Ga ƙofa ya buɗe, kalma ɗaya kawai Baba zai faɗa. Na san kuma Baba ya san ina ji, don kunnensa ya ji lokacin da inji ya mutu.

Baba ya ce, "Ni na ce ya kira ka."

Mutumin ya ɗago kai. Baba ya ce, "Shekara da shekaru Alhaji bai kai aikinsa ko'ina ba saboda kunyata. Ba zan bari kunyata ta ci masa dukiya ba. Ka je ka yi masa, wannan da wanda zai biyo baya."

Sannan ya matsa gefe a kan bencin ya buga katakon da tafin hannu. Mutumin ya yi ta noƙewa, Baba ya ce ya zauna. Ya ce, "Kana da abin nan a jikinka? Mai rai nake so in taɓa." Mutumin ya ciro ɗaya daga aljihu ya sa masa a hannu. Baba ya kai shi kusa da ƙafar bencin ta ƙarfe, abin ya fizge ya ce ƙas, Baba ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya shiga tambaya. Me ya sa ba ya son wuta? Zafi kamar na me yake ɗauka? Mutumin ya ce ko ruwan da ya tafasa ya yi masa yawa, kuma in ya mutu ya mutu ke nan. Ya ce ko sukurun ma da hannu ake ƙarasa ɗaure shi, in ka matse da inji sai na cikin ya tsage. Ya ce a bango rabin ƙarfinsa ma ba ya samuwa, don kaya ƙasa suke ja, shi ya sa yake yin allon da katako mara nauyi. Baba yana cewa, "To, to. Sake faɗa mini wannan."

Shekarata nawa ina aiki a gabansa, bai taɓa tambayata yadda ake yin wani abu ba. Na tsaya a ciki da injin yanka a hannu, ina jin su, har aka kira magariba. Da suka tashi, shi ya riƙe wa Baba hannu ya tsallakar da shi kwata, ya raka shi har ƙofar masallaci, sannan ya juya ya nufi Sabon Gari. Ni kuma na tattara alluna na rufe rumfa.